Me Ya Sa Mai Ƙoshi Ke Ci Gaba Da Ci? Fashin Baƙi Kan Yunwa, Kwaɗayi Da Ƙwaƙwalwa

Mutum zai tashi daga gaban kwanon tuwo yana cewa ko loma ɗaya ba ta da sauran wuri a cikinsa. Can an jima a shigo da tsire mai zafi a takarda, ƙamshin ƙuli da yaji ya cika ɗaki, sai ga hannunsa a ciki. Ba ƙarya ya yi ba da ya ce ya ƙoshi. Tumbinsa a cike yake, jikinsa kuma ba ya buƙatar ƙari. To wa ya miƙa hannun?

Amsarmu ta gida a shirye take: kwaɗayi ne, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala. Muna ɗaukarsa hali, irin wanda tarbiyya ke gyarawa. Tarbiyya na da nata rabo, ban musa ba. Sai dai binciken da masana suka shafe fiye da shekara 70 suna yi a kan ƙwaƙwalwa ya nuna cewa abin da muke dunƙulewa mu kira "son abinci" ayyuka uku ne, kowanne da hanyarsa. Akwai yunwa, wato ƙararrawar da jiki ke kaɗawa in abin da ya tara ya ragu. Akwai nema, wato ƙarfin da ke tayar da mutum daga zaune ya nufi abu. Akwai kuma daɗin da ake ji a baki. Galibi tare suke tafiya, shi ya sa muke zaton abu ɗaya ne. Amma suna rabuwa, kuma a wurin rabuwar ne yawancin matsalolin ci ke ɓoye.

Bari mu fara da yunwa, don ita aka fara ganowa. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira haifotalamas, wanda bai fi ƙwayar gyaɗa girma sosai ba. A 1940 wasu masana biyu a Amurka, Hetherington da Ranson, sun lalata tsakiyarsa a kan ɓeraye, sai ɓerayen suka kama ci ba ƙaƙƙautawa har suka yi muguwar ƙiba. A 1951 Anand da Brobeck suka lalata gefensa, sai aka ga akasi: ɓera ya daina ci gaba ɗaya, ga abinci a gabansa. Daga nan aka san cewa ba ciki kaɗai ke yanke hukuncin yunwa da ƙoshi ba. Ciki dai saƙo yake aikawa.

Saƙonnin kuma sinadarai ne masu bin jini. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano leftin, wanda kitsen jiki ke fitarwa don sanar da ƙwaƙwalwa yawan abin da ke ajiye. A 1999 masu bincike a Japan, Kojima da Kangawa, suka gano girelin, wanda tumbi ke fitarwa in ya zama wayam. Wani abin lura game da girelin shi ne yana bin al'ada. Yakan tashi gab da lokacin da mutum ya saba ci, in lokacin ya wuce kuma yakan ɗan lafa ko ba a ci komai ba. Duk mai azumi ya san wannan a jikinsa: ranakun farko, da rana ta take, ciki ya yi ta ƙugi, can kuma ya yi shiru da kansa.

Da a nan labarin ya tsaya, da kowa zai ci gwargwadon buƙatarsa ya janye hannu. Ɗaya rabin ya faro ne daga kuskure. A 1954, a Jami'ar McGill da ke Kanada, James Olds da Peter Milner sun dasa siririyar waya a ƙwaƙwalwar ɓera, sai ta sauka ba inda suka nufa ba. Suka lura cewa ɓeran na ta komawa kusurwar akwatin da aka taɓa sakar masa ɗan lantarki. Da suka haɗa wayar da wani makunni da zai iya dannawa da kansa, sai ɓera ya duƙufa. An ga masu dannawa sau dubbai a awa guda, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna wasu kan bar abinci suna jin yunwa don su ci gaba da danna makunnin. Aka ce an gano cibiyar jin daɗi. Da aka gane cewa hanyar na aiki da wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke tasowa daga tsakiyar ƙwaƙwalwa ya zuba a wani kulli da ake kira akumbens, sai aka laƙaba masa suna sinadarin jin daɗi. Har gobe haka ake kiransa a kafafen sada zumunta. Wannan suna kuwa ya ɓatar da mutane da yawa.

Wanda ya fara warware shi shi ne Kent Berridge na Jami'ar Mishigan, tare da abokin aikinsa Terry Robinson. Matsalarsu ta farko ita ce yadda za a san ɓera ya ji daɗi, tunda ba zai faɗa ba. Fuska ce ta fitar da su. Jariri sabon haihuwa, in aka ɗiga masa ruwan sukari, yakan lashi leɓe ya fito da harshe, in aka ɗiga masa abu mai ɗaci kuma ya wangale baki ya kau da kai. Biri haka yake yi, ɓera ma haka. A 1989 suka kashe kusan dukkan dofamin ɗin ɓeraye, suna jiran su ga zaƙi ya daina burge su. Ɓerayen sun daina ci ƙwarai, har sai da aka riƙa yi musu ɗura don kada su mutu. Amma da aka ɗiga musu sukari a baki, sai suka lashe leɓe kamar kowane ɓera mai lafiya. Daɗin na nan daram. Abin da ya tafi shi ne tashi a nema. A 1995 Richard Palmiter a Jami'ar Washinton ya ƙarfafa wannan da ƙananan ɓerayen da aka haifa ba su iya sarrafa dofamin: cikin 'yan makonni yunwa ke kashe su a kusa da abinci, sai fa in ana yi musu allurar da ke mayar da sinadarin.

Shi daɗin, ashe wurinsa ƙarami ne. Berridge da ɗalibansa sun same shi a wasu 'yan ɗigo, ɗaya daga ciki bai wuce milimita ɗaya ta kowane gefe a ƙwaƙwalwar ɓera ba, kuma sinadaran da ke kunna shi dangin waɗanda ke cikin kodin da wiwi ne, waɗanda jiki ke haɗa nasa da kansa. Hanyar nema kuwa faffaɗa ce, mai ƙarfi, mai saurin kamawa. Dofamin kamar ɗan kamasho yake a tasha: aikinsa ya ja ka ya cusa ka a mota, ko tafiyar za ta yi daɗi ko ba za ta yi ba, wannan ba ruwansa. Shi ya sa mutum zai ci gaba da tura cincin a baki alhali tun a na biyar ya daina jin ɗanɗanonsa. Yana nema, ba ya jin daɗi, kuma shi kansa yana mamakin kansa.

Saura mu san abin da ke kunna neman. A nan aikin Wolfram Schultz ya shigo. A shekarun 1990, a Siwizalan, ya riƙa sauraron ƙwayoyin dofamin ɗaya bayan ɗaya a kan birai yana ba su ruwan 'ya'yan itace. In ruwan ya zo ba zato, ƙwayoyin su zabura. In aka saba kunna fitila kafin ruwan ya zo, sannu a hankali zaburar sai ta bar ruwan ta koma kan fitilar. In kuma fitila ta kama ruwa bai zo ba, daidai lokacin da ya kamata ya iso sai ƙwayoyin su yi tsit. Wato abin da dofamin ke auna shi ne ratar da ke tsakanin abin da aka zata da abin da aka samu, kuma da wannan awo ne ƙwaƙwalwa ke koyon wace alama ce ke kai ga alheri. Da zarar ta koya, alamar kanta ta isa ta tayar da nema. Ƙarar cokali a kofin mai shayi, hayaƙin tukubar mai nama da yamma, launin kwalbar lemo a cikin firij, hoton abinci a waya, duk fitilun Schultz ne. Ba sai mutum na jin yunwa ba miyau ke tsinke masa. Ya isa a ce ya bi ta hanyar da ya saba bi a lokacin da ya saba bi.

Gwajin da ya fi burge ni a duk wannan fanni an yi shi a 2013, a ɗakin binciken Berridge, kuma shi ne ya nuna inda yunwa da nema ke haɗuwa. Aka koya wa ɓeraye cewa duk sanda wani ɗan ƙarfe ya fito daga bango, za a fesa musu ruwan gishiri a baki, mai kaurin da ya ninka na teku sau 3. Suka tsani ƙarfen, da ya fito su ja da baya su maƙale a kusurwa. Rana ɗaya aka yi musu allurar da ta zuƙe gishirin jikinsu, halin da ba su taɓa shiga ba tun da aka haife su. Washegari ƙarfen na fitowa suka far masa, suna lasa suna gwaguya. Ba su riga sun ɗanɗani gishirin a sabon halin ba, balle a ce sun koyi cewa yanzu yana da daɗi. Buƙatar jiki ce kawai ta juya abin ƙyama ya koma abin nema nan take. Haka yunwa ke aiki: ba ta tsaya ga murɗa ciki ba, tana ɗaga darajar duk wata alamar abinci a ido. Wanda ya shiga kasuwa da la'asar a watan azumi ya sayo abin da gida biyu ba za su cinye ba, wannan ne ya same shi.

A jikin ɗan Adam ma an ga haka ƙarara. A 1997, a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Stephen O'Rahilly da abokan aikinsa sun ba da rahoton wasu yara biyu 'yan uwan juna, 'yan asalin Pakistan, waɗanda aka haifa jikinsu ba ya fitar da leftin. Ɗayarsu yarinya ce mai shekara 8 amma nauyinta kilo 86. Ƙwaƙwalwarta ba ta samun saƙon cewa akwai kitse a ajiye, saboda haka kullum a ganinta yunwa ce ke shirin kashe yarinyar. Da aka fara yi wa irin waɗannan yara allurar leftin, sai cin ya lafa, ƙibar ta zube. A 2007 Sadaf Farooqi, wata likita a jami'ar, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar biyu daga cikin masu wannan lalura. Kafin magani, hoton abinci na kunna musu hanyar nema ko sun gama ci yanzu. Bayan mako ɗaya na allura, sai in suna jin yunwa take kamawa, kamar ta kowa. Ka yi tunanin irin sunayen da aka kira yarinyar nan da su kafin a gano ciwonta, da irin faɗan da aka yi wa uwarta. Ba na iya wuce wannan labari ba tare da na tsaya a nan ba. Lalurar ba ta da yawa a duniya, kuma mafi yawan masu ƙiba leftin ɗinsu ma yawa ya yi, ƙwaƙwalwar ce ba ta sauraronsa yadda ya kamata. Amma ta isa hujja cewa ƙarfin ci ba ɗaya ba ne tsakanin mutane, kuma wani da nasa aka haife shi.

Akwai wata dabara ta ƙwaƙwalwa da ke bayyana batun tuwo da tsire kai tsaye. Barbara Rolls ta nuna a 1981, a Jami'ar Okusfod ta Ingila, cewa ƙoshi na bin nau'in ɗanɗano. Abin da kake ci daɗinsa na raguwa loma bayan loma, amma wanda ba ka taɓa ba nasa na nan cif. Hikimar a bayyane take, don ta haka jiki ke samun abinci iri-iri. Illarta kuma ita ce duk inda aka jera kala bakwai, kamar a walima ko shimfiɗar shan ruwa, mutum zai ci fiye da abin da zai ci in kala ɗaya ce, ba tare da ya lura ba.

Harshe ma ba shi kaɗai ke kai rahoto ba. A 2008 Ivan de Araujo ya yi aiki da ɓerayen da ba sa iya jin zaƙi kwata-kwata. Duk da haka sun koyi fifita ruwan sukari a kan ruwa zalla, kuma dofamin ɗinsu na tashi in sun sha. Hanji ne ke ƙirga kuzarin da ya shigo ya aika sama. A 2019 masu bincike a Jamus sun ga haka a mutane: dofamin na fita sau biyu, na farko sanda abin ya taɓa harshe, na biyu bayan kimanin minti 15 zuwa 20, sanda ya isa ciki. Mai da sitaci ko sukari kowanne da layinsa, in kuma suka haɗu a loma ɗaya sai saƙon ya fi ƙarfi. A abincin da Allah Ya halitta da wuya ka ga su biyun da yawa a wuri ɗaya, in ka cire nonon uwa. A biskit da kek da fanke da soyayyen dankali kuwa kullum tare suke.

Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ya gwada tasirin wannan a 2019. Ya kwantar da mutum 20 na tsawon mako 4. Mako 2 ana ba su abincin kamfani da aka sarrafa ƙwarai, mako 2 kuma abincin da aka dafa daga kayan asali, an daidaita sukari da mai da gishirin da aka ajiye musu, an ce kowa ya ci son ransa. A makonnin abincin kamfani sun riƙa cin ƙarin kalori, wato ma'aunin kuzarin abinci, kusan 500 a kullum, suka ƙara kusan kilo 1. A sauran makonnin suka rage kusan kilo 1. Da aka tambaye su, ba su ce na kamfanin ya fi daɗi ba. Ga nema ba tare da ƙarin daɗi ba, a kan faranti. Mutanen su ne dai, tarbiyyarsu ba ta canza cikin mako 2 ba, abin da aka ajiye musu ne ya canza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya na fama da ƙiba, kuma ban yarda cewa mutanen duniya ne suka lalace gaba ɗaya cikin shekara 40 ba. Shagon unguwa ne ya sauya kaya.

Wasu daga nan sukan yi tsalle su ce sukari daidai yake da hodar iblis. Wannan wuce gona da iri ne. Gaskiya ne hanya ɗaya suke bi, kuma shi ya sa wanda kodin ko tiramol ya kama zai ce maka ya daɗe da daina jin daɗinsa amma ya kasa bari. Sai dai ƙwaya na dirar wa hanyar kai tsaye da ƙarfin da abinci ba shi da shi, ba kuma wani saƙon ƙoshi da ke taka mata birki. Shaidar da ta fi tsabta kan ƙarfin dofamin ta fito ne daga masu cutar karkarwa ta Parkinson, waɗanda ake ba magungunan da ke kwaikwayonsa. Wani bincike na 2010 a kan majinyata fiye da 3,000 a Amurka da Kanada ya sami kusan 1 cikin 7 sun faɗa caca, ko sayayya ba lissafi, ko ci ba ƙima, ko matsananciyar sha'awa. Dattawa ne masu kamun kai a da, kuma sau da yawa in an rage maganin abin ya lafa.

Rage ƙiba kuma me ya sa yake da wuya haka? Domin ƙwaƙwalwa ba ta bambanta mai rage ci da gangan da wanda fari ya ci gonarsa. A 1944 zuwa 1945 Ancel Keys ya sa samari 36 a Minesota ta Amurka cikin ƙarancin abinci na mako 24, suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Abinci ya mamaye tunaninsu, wasu suka koma tara littattafan girki, hira da mata ta fita daga ransu, da aka sake su kuma da yawa suka kasa tsayar da ci na tsawon watanni. A 2011 wani bincike a Ostareliya ya nuna cewa shekara guda bayan mutum ya rage ƙiba, girelin ɗinsa na nan a sama, yunwarsa ta fi ta da. Ƙarancin barci ma na tura abin gefe ɗaya: a Cikago a 2004, samari 12 da aka bari suka yi barcin awa 4 kacal dare biyu, leftin ɗinsu ya sauka da kashi 18 cikin 100, girelin ya hau da kashi 28. Saboda haka wanda ya rage kilo 10 ya mayar, ba lalaci ne ya kayar da shi ba, da jikinsa yake kokawa. A ganina abin da ya fi amfani shi ne ya rage haɗuwa da alamun: kada lemon kwalba ya kwana a gidan, ya sauya hanyar dawowa in ta gaban mai soye-soye take bi, ya ci a kan lokaci, ya sami barci. Hana ido gani ya fi sauƙi a kan hana hannu ɗauka bayan ido ya gani.

Sababbin alluran rage ƙiba, irin su Ozempic da Wegovy, ta wannan ƙofa suke shiga. Suna kwaikwayon wani saƙon ƙoshi da hanji ke fitarwa bayan ci, kuma a ƙwaƙwalwa suke yawancin aikinsu. A babban gwajin da aka wallafa a 2021, masu amfani da su sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68. Da yawa kan ce abin da ya fi ba su mamaki shi ne tunanin abinci ya daina yi musu surutu a kai. Amma waɗanda suka daina allurar sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage cikin shekara guda. Taɓa hanyar nema kuma ba wasa ba ne. Wani magani mai suna rimonabant, wanda ke toshe sashen da wiwi ke kunnawa, an amince da shi a Turai a 2006, yana rage ƙiba da gaske, amma a 2008 aka janye shi saboda yana jefa mutane cikin baƙin ciki mai tsanani da tunanin kashe kai. Hanyar da ke sa mutum son abinci ita ce ke sa shi son fita, da son aiki, da son ganin 'ya'yansa.

A wurinmu matsalar na da ɗaya fuska, kuma ita ta fi tayar mini da hankali. 'Yan mata da amare da yawa ba rage ƙiba suke nema ba, ƙarawa suke so, sai su faɗa wa ƙwayoyin da ake kira sha ka fashe. Galibi abu biyu ne a ciki. Ɗaya maganin ƙaiƙayi da mura ne mai suna saifirohebtadin, wanda ke toshe wasu saƙonnin ƙoshi a ƙwaƙwalwa, ya buɗe ciki, ya kawo barci. Ɗayan kuma deksametason ne, kuma shi ne mugun. Yana buɗe ciki, amma cikar da ake gani ta ruwa ce da kitsen da ke taruwa a fuska da ciki da ƙeya, yayin da naman hannu da ƙafa ke zubewa. Yana tayar da sukari da hawan jini, yana cin ƙashi, yana karya garkuwar jiki, kuma wadda ta daɗe tana sha in ta yanke shi rana ɗaya tana iya faɗuwa rai a hannun Allah, dole sai likita ya riƙa rage mata shi sannu a hankali. Rashin son abinci da ramar da ba a san dalilinta ba sau da yawa alama ce ta wani ciwo: tarin fuka, ciwon sukari, tsutsar ciki, ko ciwon damuwa da ke kashe nema gaba ɗaya. Mai tarin fuka in ta sha deksametason ba tare da maganin tarin ba, kumatu za su fito, 'yan uwa su yi murna, cutar kuwa tana ƙara samun fili a huhu.